Impalar Baffa da yoyon bayan manifol

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Da safe na ɗage tamfol zan ɗumama motar kamar yadda na saba duk Asabar, sai na ga siminti ya jiƙe a ƙarƙashinta, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Faɗinsa bai wuce faifai ba. Na dangwala da yatsa: ba mai ba ne, ruwa ne jajaja mai warin tsatsa. Na buɗe murfin lagireto, ban hango ruwa ba sai da na haska. Buta guda da rabi ta shanye kafin ta cika.

Ga wanda bai san ta ba, Chevrolet Impala ce ƙirar 1965, mai fitilu uku-uku a baya, injinta V8 ɗin nan da ake ce wa 283, wajen lita 4.6 ke nan, da kafireta Rochester mai maƙogwaro biyu da giya Powerglide mai canji biyu kacal. A shekarar nan Amurkawa sun sayi Impala fiye da miliyan guda, saboda haka a can ba wata baƙuwa ba ce. A nan Kano kuwa, in na fito da ita sai yara sun raka ni har bakin titi. Sitiyarinta a dama yake, irin waɗanda aka harhaɗa a Kanada don ƙasashe masu bin hagu, mu ma ai hagun muke bi har zuwa 2 ga Afrilu 1972. Marigayi Baffa ya saye ta hannu na biyu bayan an canja hannu, lokacin da masu irinta ke neman rabuwa da su. Da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ce a ba ni.

Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne faifan ƙarfen nan da ake toshe ramukan buloki, wato gangar jikin injin, da su, don akwai biyu a bayan injin, kuma in su ne suka ɓule sai an sauke giyabos. Na biyu gasket ɗin tof-silinda. Duk biyun ba na fata. Na zaro gejin mai, baƙin mai yana nan da launinsa, bai yi fari-fari kamar kunun gyaɗa ba. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi in ta ɗumama. Na ɗan samu natsuwa.

Na kira Baba, makaniken da tun yana yaron gareji yake taɓa motar nan. Ya ce, "Kada ka kwance ko noti guda sai ka ga ramin da ruwan ke fitowa da idonka. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban."

Lahadi, 5 ga Janairu

Na wanke bayan injin da kananzir da buroshi, na bar shi ya bushe a rana, sannan na ɗauko hodar jarirai a ɗakin uwargida na barbaɗe ko'ina: bayan tof biyun, gindin distibuta, gefen manifol (ƙarfen da ke raba iska da fetur ga silindoji) har zuwa giyabos. Ruwa in ya bi kan hoda sai ya bar sawu kamar na dodon koɗi.

Ba ni da na'urar gwada matsin lagireto, don haka na yi dabara. Hitar motar an daɗe da kashe ta, wa zai kunna hita a Kano, an yanke tiyon da ke fitowa daga manifol an cusa masa noti an ɗaure da waya. Na cire notin na sa bawul ɗin tsohon tayar babur na matse da kilif, na ɗaura famfon keke mai geji. Murfin lagireton na matsin psi 13 ne, na tsaya a 12 don kada ya buɗe. Lagireton tagulla ne mai shekara sittin, ba a yi masa ganganci.

Cikin minti goma allura ta sauko zuwa 8. Na hau kan benci na kwanta a kan fenda, tocila a baki, madubin kwalliya a hannu. Can a kusurwar baya ta hagu, inda manifol ya kwanta a kan tof kusa da silinda ta 7, sai ga wani ɗigo yana kumbura kamar ƙwayar gero, ya gangara ta bayan buloki ya bi giyabos ya sauka. Na goge, ya sake fitowa. Alhamdu lillahi, ba sai an sauke giya ba.

Mai Fijo ko Marsandi zai yi mamakin abin da ya kai ruwa kusurwar baya. A wannan injin manifol ba iska da fetur kaɗai yake rabawa ba. Shi ne murfin kwarin da ke tsakanin tof biyun, ta cikinsa distibuta ke ratsawa, kuma ta gabansa ruwan zafi ke haɗuwa daga ɓangarorin biyu ya wuce lagireto. Tof ɗin hagu da na dama zubi ɗaya ne, ana iya musanya su, saboda haka kowanne yana da ƙofar ruwa gaba da baya. Na gaba manifol ya haɗe su. Na baya kuwa toshe su kawai ya yi da fuskarsa, ruwa ya zo ya tsaya nan yana dukan ƙarfe da gasket shekara da shekaru.

Asabar, 11 ga Janairu

Na nemi gajeriyar hanya. Notin manifol goma sha biyu ne, kansu 9/16 na inci, lamba 14 ba ta shiga sosai, 15 kuma tana zamewa, sai da na tono sifanun Baffa a akwatin but. Biyu na baya na hagu sun juya kusan rubu'i ba tare da gardama ba. Na ce to, ƙila iyakar matsalar ke nan. Na ƙara iska, allura ta tsaya a 12 tsawon minti ashirin, har na fara murmushi. Da na zaga da ita unguwa ta yi zafi ta huce, sai ga sawun ruwa a kan hoda, siriri amma yana nan.

Maƙwabcina da ya yi direban tirela ya leƙo ya ce in fasa ɗanyen ƙwai biyu a lagireto, in ya dahu zai toshe ramin. Ban musa masa ba, na san hakan ya fitar da mutane daga daji. Sai dai ƙwan bai san ramin da aka aike shi ba, da na yoyon da ƙananan hanyoyin lagireto duk ɗaya ne a wurinsa. Na yi masa godiya. Da yamma na tura wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka saƙo ya nemo mini gasket, akwai mai zuwa gida ƙarshen wata. Baba ya ce in ce masa saiti biyu. Na ce ɗaya ai ya isa, ya ce, "Alhaji ƙarami, ka dai ce biyu."

Asabar, 18 ga Janairu

Yau aka kwance. Na cire kan batir, na zubar da ruwan lagireto, sannan na kwance ƙananan notin da ke gefen buloki hagu da dama don ruwan cikin injin ya fita. Da na cire na hagu ko ɗigo bai zo ba. Na zura waya na soka, sai ga laka ja ta fashe ta biyo hannuna har gwiwa. Da a ce ban zubar da wannan ba, da na ɗaga manifol ruwan ya kwarara cikin kwari ya gauraye da mai.

Distibuta ce abin tsoro. Na juya injin har silinda ta 1 ta zo sama a kan matsi. Nan ma sai da na yi kuskure, don bayanin Amurkawa cewa yake ta 1 tana gaba ta ɓangaren direba, ni kuwa direbana a dama yake. Na cire fulogin dama na toshe da yatsa ina jiran iska, sai daga baya na tuna nasu direban a hagu yake zama. Hagu 1, 3, 5, 7, dama 2, 4, 6, 8. Na yi alama da farin fenti inda rota, ɗan yatsan da ke juyawa a cikin distibuta, ke kallo, na yi wata a gindin distibuta da manifol. Haƙoran gindinta a karkace suke, saboda haka in kana zaro ta rota na juyawa kaɗan, na yi alama ta uku a inda ta tsaya bayan ta fito. Na ɗauki hoto ya fi ashirin.

Kafireta, wayar totur, tiyon sama, wayar fitilar zafi, duk na ajiye a jere. Notin kuma na soka su a kwali yadda suke a jikin injin. Manifol ya ƙi tashi, sai da na buga masa guduma ta katako ya saki da wani ƙara kamar an ɓare rake. Ƙarfen zubi ne, ya fi kilo 15, ga shi kana sunkuye a kan fenda mai faɗin gado. Ni da ɗana muka ciro shi, bayana har yanzu yana ba ni labari.

Da na buɗe gidan tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, ban tarar da kowa a ciki ba, an cire ta tun ban san lokaci ba. Gasket ɗin kusurwar baya ta hagu ya ruɓe, yana marmashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Na ce ga ɓarawon. Cikin kwarin kuwa ba ruwa, baƙin dattin mai ne kawai. Na shimfiɗa tsohon zani a ciki, na cusa tsumma a ƙofofin iska guda takwas, na lulluɓe duka da leda, don ƙurar hunturun bana ko cikin kwano mai murfi tana shiga.

Asabar, 25 ga Janairu

Ba wani aiki. Na je Ƙofar Ruwa ko zan dace, duk wanda na nuna wa tsohon gasket sai ya jujjuya ya ce ta wace mota ce. Wani dattijo ya ce zai yanka mini da hannu a takardar gasket, kuma na ga aikinsa, da tsabta. Abin da ya hana ni shi ne ƙofar tsakiya. Ta nan hayaƙin salansa ke ratsawa ƙarƙashin kafireta don ya ɗumama ta, takarda ba za ta jure wannan wutar ba. Na sayo baƙin silikon, da kilif, da tiyo, na dawo. Na kankare manifol da buroshin waya na jiƙa shi a kananzir. A ƙasansa akwai wani faranti da aka kafe da kusoshi, cikinsa cike da ƙonannen mai kamar gawayi, na yi ta zungura har na gaji.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gasket ya iso ranar Alhamis, saiti biyu. Yau akwai ɗaurin aure da rana, gobe kuma ina so in kai Hajiya gaisuwa a cikinta, don haka tun bayan asuba na fara. Na kankare fuskar tof da reza, na shafa silikon a kewayen ƙofofin ruwa huɗu, na ɗora gasket, na sa robobin gaba da baya da suka zo a kwalin, muka sauke manifol. Na ɗaure da sifana yadda hannuna ya ba ni. Na lura fuskar manifol ta kusurwar nan tana da ɗan kaushi, na ce silikon zai cike. Kafin la'asar na zuba ruwan jarka na tayar. Bugu biyu ta kama. Ba ɗigo.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwalin da na shimfiɗa a ƙarƙashinta ya jiƙe. Wuri ɗaya, kusurwa ɗaya. Robar baya ma ta zame ta leƙo waje, mai yana tsattsafowa ta nan. Da yoyo ɗaya nake da shi, yanzu biyu. Sauri ya haifi nawa. Ban kira Baba ba sai da dare, ya saurare ni har na gama, ya ce Asabar yana tafe.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ya zo a bayan babur ɗin yaronsa da wata tsohuwar jaka. Kwancewar ta biyu ba ta kai awa biyu ba, hannu ya saba. Wannan karon akwai ɗigon ruwa uku ko huɗu a cikin kwari, a kan baƙin mai, daidai ƙasan kusurwar. Ya fara juyawa ciki ke nan. Da na ƙara mako ina yawo da ita, da ruwan ya isa metal ɗin kiranshaf.

Baba ya sa aka kifa manifol a kan benci, ya goge fuskar da fetur har ta yi ƙal, ya zaro rula ta ƙarfe a jakarsa ya ɗora ta a tsaye a kan fuskar. Ya ce in tsuguna in haska ta baya. A tsakiya ko ƙyalli babu. Da ya matso da ita kusurwar baya sai haske ya ɓullo ta ƙarƙashi, ɗigo-ɗigo kamar ta rariya. Ya kama yatsana ya bi da farcena a wurin. Ramuka ne ƙanana birjik kamar zanzana, sun haɗu sun yi wata 'yar kwata da ta tashi daga inda ƙofar ruwa ke dafawa har bakin waje. Buroshin waya da na yi ta gogawa ya sa wurin ya yi sheƙi ne kawai, tsatsar na nan daskare a cikin ramukan.

"Gasket bai yi maka laifi ba," in ji shi. "Da na farkon da na biyun. Wane ruwa kake zuba mata?"

Na ce na 'yan garuwa.

"Baffanka ma na rijiyar gidan nan yake zubawa. Ni ma da hannuna na sha zuba mata. Shekara hamsin ƙarfe yana kwance a ruwan rijiya, me kake so ya zama?"

Na kawo maganar a kai wa masu injin gyaran tof su share fuskar. Ya ƙi. Manifol ɗin V8 kamar weji yake zaune tsakanin tof biyu, in ka rage gefensa sai ya nutse ƙasa, ƙofofin iska su saɓa, ramukan noti su goce, gaba da baya kuma ya zauna a kan buloki kafin gefen ya matse gasket. Walda a ƙarfen zubi kuwa tana iya tsaga shi, kuma in ya tsage ban san inda zan samo wani a ƙasar nan ba. Muka tsaya a kan gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu, mai jinkirin kamawa, ba na minti huɗu ba. Ya zauna da tsinin allurar buhu yana tono ramukan ɗaya bayan ɗaya har farin ƙarfe ya bayyana, ya kusa awa guda bai ce uffan ba. Ya wanke da tina, ya shafa gam ɗin da reza, ya ce kada in taɓa sai gobe. Kusurwar dama ma ta fara, muka cike ta. Fuskar tof ɗin da sauƙi, rami biyu ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na naɗe samfefa a guntun gilashi mai kauri na yi ta gogawa a hankali, ina ɗora rula ina haskawa. Wajen azahar haske ya daina wucewa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Saiti na biyu, kuma na ƙarshe. Na fara ɗora manifol a kan gasket ba silikon, don in ga tazarar gaba da baya da yadda ramukan noti suka dace. Robobin gaba da baya na jefa su a kwandon shara. A madadinsu na ja silikon mai kaurin fensir, wajen milimita 6, a kan bangon buloki gaba da baya, na hau da shi kaɗan kan kunnuwan gasket a kusurwoyi huɗu. A kewayen ƙofofin ruwa kuwa shafi ne siriri kamar na man leɓe, sama da ƙasa. Muka sauke shi a miƙe, ba ja ba turawa.

Notin tsakiya ramukansu a buɗe suke zuwa cikin kwari, mai yana biyo zarensu ya taru a kan manifol, saboda haka na shafa musu abin toshe zare. Kuma ba a sa wanda ya fi tsawo a nan, zai iya taɓa sandar bawul. Baba ya aro mini sifana mai awo. Na fara daga tsakiya ina tsallakawa hagu da dama zuwa waje, zagaye uku: 10, 20, sannan 30 a ma'aunin Amurkawa, kusan Nm 40. Da na gama na koma kan na farko, ya ƙara juyawa kafin ta yi ƙas, don gasket na ta kwanciya. Sai a zagaye na biyar duka suka tsaya.

Distibuta ta ba ni wahala. Na sa ta a alama ta uku ta juya zuwa ta farko, amma ta tsaya saura kaɗan ta zauna. Gindinta yana shiga tsagar sandar famfon mai ne, sandar kuma ta goce. Wancan karon sa'a na ci. Na zaro, na haska ramin, na zura dogon sukundireba na juya tsagar kaɗan, na mayar. Sau huɗu. A na biyar ta faɗa da kanta. Ban zuba ruwa ba, ban tayar ba. Na rufe bonet na tafi masallaci.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Kafin ruwa sai da na gwada da iska zalla: psi 12, awa guda, allura ba ta motsa ba. Na juye baƙin mai na canja filta, irin ta da ce mai takarda a cikin gwangwani. Na wanke lagireto da buloki har ruwan ya fara fita garau.

Mun yi musu da Baba a kan tamostat. Shi a wurinsa kayan ƙasar sanyi ce, kuma ya ga injin da ya ƙone don ta maƙale a rufe. Gaskiyarsa, ana yin haka. Amma injin da ba ta ciki yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu ga tafiyata gajera, fetur yana wanke silinda, raɓa tana taruwa a mai. Na dafa sabuwar a tukunya a gabansa, mai digiri 82 ce, ruwa bai kai ga tafasa ba ta buɗe baki. Ya ce, "To, motarka ce." Na sa.

A kan kulan kuwa, ruwan sanyaya injin nan da ake sayarwa, bai yi gardama ba. Mutanenmu na ɗauka maganin ƙanƙara ne kawai, ina ruwanmu da shi. Alhali a cikinsa akwai sinadarin hana tsatsa, kuma rabi da rabi yana ɗaga tafasar ruwa ta haura digiri 105 tun kafin murfi ya ƙara nasa. Motar tana cin kusan lita 16, na zuba rabi koren kulan, rabi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Wanda ya zube a ƙasa na bi shi da yashi na kwashe nan take, don zaƙi gare shi kuma guba ne, ga tumakin uwargida suna yawo a tsakar gida.

Na bar murfi a buɗe har tamostat ta buɗe, ruwa ya yi ƙasa yana ɓulɓul, na ƙara. Na saita tayimin a digiri 4 da fitila, silo ya daidaita. Da ta huce da yamma na sake bin notin, guda biyar sun ƙara kaɗan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauki Baba muka kama hanyar Zariya har Kura muka juyo. Rana ta fara zafi, ga cunkoso a Na'ibawa, fitilar zafi ba ta ko ƙifta ba. Shi dai yana zaune a hagu, hannu a kan taga, duk inda muka tsaya sai ya ce in buɗe bonet. Ya zura farin tsumma bayan distibuta ya zaro a bushe, ya ninke ya mayar aljihu bai ce komai ba.

Kwana biyar ke nan kwalin ƙarƙashinta ba tabo. Gam ɗin zai kai shekara nawa, Allah masani, na dai ce wa ɗan ƙanwata ya sa ido ko zai ga tsohon manifol mai lafiya da araha, in an samu mai ɗaukar nauyinsa a jaka. Da muna rufe bonet Baba ya haska ƙasan famfon ruwa ya nuna mini ɗan ramin da ke jikinsa, ya yi kore-kore da danshi. Yau da dare ake duban wata. Na ce masa wannan sai bayan Sallah.